Kada ya fi kusa da kaza

(Daga laccar da aka yi wa ɗaliban kimiyya a Daura)

Assalamu alaikum. Na ga wasunku na ta kallon ƙwan nan da na ajiye a kan teburi. Ku kwantar da hankalinku, ba karin kumallo ba ne, shi ne darasin.

Wanda ya taɓa tsayawa kan kaza tana ƙyanƙyasa ya san ɗan tsako a jiƙe yake fitowa. Cikin ruwa ya kwana 21, a wata 'yar jaka. Jakar nan ita ce iyayenmu mata ke nufi in sun ce faya ta fashe, ko ga mace ko ga akuya. Kwaɗo ba shi da ita, kifi ma haka. Shi ya sa da damina sai kwaɗo ya nemi kududdufi ya zuba ƙwansa, in ruwan ya ƙafe kuwa shi ke nan. Masu faya da kududdufinsu suke yawo, sai tudu ya zama nasu har cikin hamada.

Daga ƙasusuwan da suka zama dutse, masana sun gano ɗaya daga cikin na farkonsu a Kanada, wata 'yar halitta mai siffar ƙadangare da suka kira Hylonomus, mai shekara wajen miliyan 312. Tun wancan zamani gidan ya rabu biyu. Ɗaki guda ya ba da masu shayarwa: saniya, ɓera, mutum, har da jemage, wanda tatsuniya ta rasa inda za ta ajiye shi. Nono yake bayarwa, magana ta ƙare. Ɗayan ɗakin shi ne na kunkuru, maciji, ƙadangare, kada da tsuntsaye.

To, ga inda ɗalibai ke yi mini gardama. Ido zai ce kada ƙaton ƙadangare ne. A'a, kada ya fi kusa da kaza. Zuciyarsa ɗaki huɗu ce irin ta tsuntsu, ta ƙadangare uku. Yana haɗiye duwatsu kamar tsakuwar da kuke gani in an fasa ƙundun kaza. Uwar tana gadin ƙwanta, 'ya'yan na kuka tun suna ciki ta zo ta tone su. Kama da wane ba ta wane ba ce. Ba ma sai mun je Turai ba: a Gadufawa, nan Nijar, aka haƙo Sarcosuchus, wani dangin kada da tsawonsa ya haura mita 9.

Wani a baya yana tambaya, macijin rijiyar Kusugu fa, ina ƙafafunsa? Malam, kakanninsa masu ƙafa huɗu ne, daga zuriyar ƙadangaru ya fito. In mai wasa da maciji ya zo kasuwa da mesa, roƙe shi ya juya maka cikinta. Kusa da wutsiya za ka ga 'yan ƙumba biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Ragowar ƙafafun baya ke nan.