Gaisuwa nawa labari zai iya ɗauka?

Assalamu alaikum. Yau maganarmu a kan hirar taurari ce a ƙagaggen labari, kuma daga bakin ƙofa za mu fara, wato gaisuwa.

Ku duba littattafan da ake turowa a WhatsApp da Wattpad. Yarinya ta yi sallama, aka amsa, ta durƙusa. Ina kwana, lafiya lau, ya gajiya, ba gajiya, ya mutanen gida, duk lafiya. Rabin shafi ya tafi, labari yana nan inda aka bar shi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Marubuciyar da ta yi wa masu karatu alkawarin shafi kullum, ga girki ga yara ga rashin caji, dole ta nemi abin cike gurbi. Sannan tarbiyya tana sa mu ji nauyin shigar da mutum ɗaki bai gaida na gaba ba. To, maganin kalma uku ne: "Bayan sun gaisa." Mai karatu Bahaushe ne, shi zai cike sauran da kansa.

Gaisuwar da ta cancanci a rubuta ita ce wadda ta karkace. Uba ya ce "lafiya" bai ɗago kai daga carbinsa ba. Surukar da kullum take cewa "'yata, kin tashi lafiya?" yau sai ta tsaya a "kin tashi." Nan take mai karatu ya san an kai ƙara cikin dare, ba sai kun rubuta cewa ranta a ɓace yake ba.

A nan ne al'adarmu ta ba marubuci jari mai yawa, domin mu mutane ne da ba mu cika faɗin magana kai tsaye ba. Uwa tana kunyar sunan ɗanta na fari. Matar aure a gidaje da dama ba ta kama sunan miji, sai Malam, ko Alhaji, ko baban wane. To ku yi tunanin matar da ta shekara ashirin tana cewa Malam, ranar nan ta dube shi ta kira sunansa na yanka. Wannan kaɗai ya fi shafi biyar na ihu da fasa kwanuka. Haka kishiya: ba za ta ce "na tsane ki" ba. Kaza za ta kora a tsakar gida tana cewa wasu dai ba su san inda aka fi ƙarfinsu ba. Habaici da gugar zana ke nan, kuma abin takaici, yawancin sababbin marubuta sun bar su sun koma zagi tsirara.

Sai batun baki ɗaya. Kaka daga ƙauye, direban tasha da ɗalibar Jami'ar Bayero, duk ka ji suna magana da muryar marubucin. Ku bambanta su. Idan tauraronku Basakkwace ne, "ya zaka" ko "tahi" jefi-jefi sun isa. Karin harshe kamar gishiri yake, in ya yi yawa ba a iya cin miyar. In kuwa ba ku taɓa zama da mutanen wurin ba, ku bar shi, don su za su fara yi muku dariya.

Masu sha'awar gasa su ƙara lura. Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata marubuta, gajeren labari take karɓa, na kalmomi 1,000 zuwa 1,500. Duk layin da ya tafi a "ya gajiya" an ƙwace shi ne daga wajen da rikicin yake.

Kafin ku tura shafin gobe, ku karanta hirar a bayyane, ku rufe sunayen da yatsa, ku ga ko za ku gane mai magana. Wannan ya zama dole yanzu, tunda littattafai da yawa sauraronsu ake yi a rediyo da YouTube, kuma mai sauraro ba ya ganin alamar zance. In mutum biyu ne, muryoyinsu su raba su. In sun kai uku a ɗaki, kada ku yi rowar "in ji wance."