Jawabi Kan Masu Ciwon Ƙwaƙwalwa da Masu Jinyarsu a Ƙauyukan Kano da Jigawa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Shugaba, ranka ya daɗe. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu maza da mata, yayye da ƙanne, musamman waɗanda suka yi sammako daga Landan da Mancesta, da wanda ya sauko daga aikin dare bai runtsa ba ya kamo hanya, sannunku da zuwa, Allah ya ba da ladan zumunci.

Kwamitin walwala ne ya ce in yi magana kan inda ya kamata kuɗin taimakon gida ya nufa bana, ƙila don sun san aikina jinya ne, ƙila kuma don na ishe su da maganar a waya. A shekarun baya mun haƙa rijiyar burtsatse, mun yi rabon hatsi da azumi, mun biya wa mutane kuɗin tiyata. Allah ya karɓa. Sai dai duk ayyukan nan suna da ranar gamawa: a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto, a turo mana a WhatsApp, kowa ya ce masha Allah. Abin da na zo roƙo yau ba shi da ranar gamawa, kuma ba zan so a ɗauke shi hoto ba. Ina maganar waɗanda ciwo ya taɓa musu ƙwaƙwalwa a ƙauyukanmu, da mutanen da ke jinyarsu a cikin ɗaki shekara da shekaru.

Da an ambaci ƙwaƙwalwa, hankalin mutum sai ya tafi kan mai yawo da tsumma a kasuwa. Shi ma namu ne. Amma akwai mai farfaɗiya, akwai Baban da ɓarin jikinsa ya shanye, akwai yaron da ya sha wuya wurin haihuwa har ya kai shekara biyar wuyansa bai tsaya ba, akwai kakar da ta manta sunan jikar da take goyo jiya. Da wuya a nan akwai wanda zai ce babu ko ɗaya a danginsu.

Bari in daɗe kaɗan a kan farfaɗiya, domin a nan ne kuɗi kaɗan ke yin aiki mai yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ne ke da ita a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a ƙasashe irin namu, kuma har kashi 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in aka gano ciwon daidai aka ɗora su a kan magani. Ku riƙe wannan kashi 70 ɗin. Ita dai hukumar ta ce a ƙasashe matalauta, uku cikin huɗu na masu ciwon ba sa samun maganin da suke buƙata. Kuma maganin ba baƙo ba ne. Fenobabiton, alal misali, an fi shekara ɗari ana amfani da shi, yana kuma cikin magunguna masu araha.

A ƙauye, faɗuwar ita kanta sau da yawa ba ta kai inda aka faɗi illa ba. Mace ce a gaban murhu tana tuƙa tuwo. Yaro ne a bakin rijiya da guga, ko a gefen kogin Haɗeja, ko a fadama lokacin ban ruwa. In ta faɗa wuta, sai ka ga manyan mutane sun ja baya suna salati, ba don rashin imani ba, sai don tun suna yara aka ce musu wanda ya taɓa yawun ko ya tsallaka kumfar bakin zai ɗauka. Ba a ɗauka. Ba a ɗauka ta yawu, ba a ɗauka ta numfashi, ba a ɗauka don an ci a kwano ɗaya. Saboda wannan magana maras tushe an ware wa yara kwanonsu, an cire su daga makaranta, an fasa aure bayan an kai kaya. Mai jarumtar da ya matso kuma sai ya cusa cokali a baki ya karya haƙori, ko ya ɗura ruwa ya shaƙe mutum. Abin yi bai taka kara ya karya ba: a janye shi daga wuta ko ruwa, a sa wani abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kada a danne shi, kada a sa komai a bakinsa, in jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. In ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, a nufi asibiti. Wannan darasi ɗan aji uku zai iya haddace shi, amma babu wanda ya taɓa koya wa uwarsa.

Malam, ka gyara mini in na yi kure. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Ibn Abbas ya nuna wa Aɗa'u wata mata ya ce ga 'yar Aljanna. Ita ce ta je wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana farfaɗiya kuma jikinta yana yayewa. Ta zaɓi haƙuri, amma ta roƙi a yi mata addu'a kada ta riƙa yayewa, aka kuwa yi mata. Abin da ya dami baiwar Allah nan sutura ce. To, wadda ta faɗi a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, mafi ƙanƙantar haƙƙinta a kanmu shi ne wata ta cire mayafi ta rufe ta, a kori 'yan kallo, a ƙwace wayar mai ɗaukar bidiyo. Ni ban zo in raba kowa da addu'a ko ruƙiyya ba. A yi addu'a, a sha magani, domin a hadisi ne muka ji cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Inda zan tsaya in ce a'a shi ne duka da mari. Mun ga abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019, ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Mafi yawan iyayen da ke kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba mugaye ba ne. Gajiya suka yi, kuma ba a nuna musu wata ƙofar ba.

Yawancin cututtukan nan an san mafarinsu. Doguwar naƙuda a gida, shawarar jarirai da aka yi wa sakaci, zazzaɓin cizon sauro da ya hau ka, faɗuwa daga babur ba hular kwano. Sai sanƙarau. Manyanmu suna tuna 1996, lokacin da sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, sama da 11,000 suka rasu. A ɓarkewar 2023 ma mafi yawan waɗanda aka ƙirga daga Jigawa suke. Alhamdu lillahi, a 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko da ta fara sabuwar allurar rigakafi mai kariya daga nau'i biyar. Amma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tashi daga sanƙarau mai tsanani ana barin su da tabo: kurumta, ko farfaɗiya, ko raunin fahimta. Motocin rigakafi sun tafi, su suna nan a gida.

Shanyewar ɓarin jiki kuwa, babban abin da ke jawo ta hawan jini ne, kuma ana iya kai shekaru da shi ba a sani ba. Ran da baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, ranar asibiti ce nan take, ba ranar neman wanda ya yi jifa ba.

Yanzu ga wadda na zo dominta. In Malam ya dawo daga asibiti a kwance, wa zai juya shi duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya kama shi? Wa zai zaunar da shi a ba shi kunu a hankali don kada ya sarƙe ya zarce huhu? Wa zai motsa masa hannu da ƙafa kullum don kada su sandare, ya wanke shimfiɗa, ya kwana ido biyu? Mace ce. Matarsa, ko surukarsa, ko 'yar shekara goma sha uku da aka ce ta ɗan dakata da makaranta, kuma kun san wannan dakatawar ba ta da ranar komawa. Babu wanda ya koya mata yadda ake ɗaga babban mutum, sai bayanta ya lalace. Sana'ar ƙuli-ƙulinta ta mutu. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna. Uwar yaron da bai zauna ba tata ta fi, domin bayan wahala ga gori: a ce ɗan ruwa ta haifa, ko a ce daga danginsu ne, wani lokacin har da takardar saki. In mun kira gida muna tambaya yaya mai jiki. Wa ya taɓa cewa a ba shi Ladi ko Talatu ya tambaye ta yaushe rabonta da barci?

Hajiya, iyayena, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Da yawanmu a ɗakin nan abincinmu a gidajen kula da tsofaffi yake. An koya mana yadda ake lallaɓa tsohuwar da ciwon mantuwa ya kama, kada a yi mata musu, kada a tsorata ta. A nan Ingila wanda ke jinyar ɗan'uwansa aƙalla awa 35 a mako yana iya neman alawus daga gwamnati, dokar 2014 ta ba shi damar a duba buƙatunsa shi kansa, har ana iya karɓar masa majinyacin na 'yan kwanaki ya huta. A garinmu tsohuwa irin wannan, in ta fita da dare tana neman gidan ubanta da ya rushe tuni, sai yara su bi ta, wani ma ya ce mayya ce. Alhali ciwo ne da ke damun sama da mutum miliyan 55 a duniya, kuma Alƙur'ani a Suratun Nahli ya ba mu labarin wanda ake mayarwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Ilimin jinyar nan yana kanmu, muna sayar da shi a nan kullum, amma ko kaɗan bai isa gida ba.

Asibitoci akwai. Akwai na Malam Aminu Kano, akwai Dawanau, akwai na Kazaure, akwai Rasheed Shekoni a Dutse, akwai cibiyar tarayya ta Birnin Kudu. Amma mutumin Birniwa ko Guri sai ya sayar da akuya kafin ya kai majinyaci da mai riƙe shi. Ya je sau ɗaya, an ba da maganin wata guda, yaro ya samu sauƙi, magani ya ƙare, kuɗin mota babu. Yanke maganin farfaɗiya farat ɗaya kuwa yakan dawo da faɗuwar da ƙarfi, sai a ce ai ga shi nan, ba na asibiti ba ne. Dokoki ma akwai: ta hana wariya ga masu naƙasa da aka sa wa hannu a Janairun 2019, da ta lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Suna Abuja.

Ga roƙona. Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, Jigawa 27, ba za mu iya da su ba. Mu ɗauki ɗaya, ko mazaɓu biyu ma, mu yi alkawarin shekara uku. Kowane mamba fam 10 a wata, a asusu na daban. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da tsari na koya wa ƙananan ma'aikatan lafiya gane farfaɗiya da ciwon mantuwa da kula da su a inda babu ƙwararren likita. Mu nemi likitoci daga asibitin koyarwa su horar da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi na yankin, su riƙa leƙa su. Magani ya bi ta hannunsu da takardar likita. Don Allah kada wanda ya cika akwati da ƙwayoyi daga nan; akwai maganin farfaɗiya, irin su balfuret, da ke iya illata ɗan da ke ciki, sai likita ya duba mace kafin a ɗora ta a kai.

Ranar karɓar magani ta dace da ranar kasuwa, don mota ta samu. A ranar masu jinya su zauna awa ɗaya a inuwa, a nuna musu juyi da ɗagawa da ciyarwa da motsa gaɓoɓi, su kuma ji cewa ba su kaɗai ba ne. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, abin da ba za ta faɗa wa likita ba za ta faɗa wa 'yar'uwarta. A ɗauki mata biyu ko uku amintattu a garin, a riƙa ba su ɗan abin hasafi su karɓi jinyar yini guda a mako. Yarinyar da aka zaunar ta koma aji, kuma wannan sharaɗi ne ga duk gidan da zai ci moriyar asusun. Mu ma'aikatan jinya na nan mu ɗauki nauyin saƙonnin murya da Hausa, gajeru, waɗanda za a tura a waya a kuma kai gidan rediyo. Kafin komai a je a gaida hakimi da dagatai, a zauna da limamai da ungozomomi da wanzamai da malaman firamare. Huɗuba ɗaya da liman zai ce farfaɗiya ba a ɗauka ta fi duk takardar da za mu buga.

Alhaji ma'aji, na ga kana kallona, na san tambayarka. Kuɗi ba zai shiga aljihun mutum ɗaya ba, ko da ɗan'uwana ne. Sa hannu biyu a gida, ɗaya a nan, rahoto duk wata uku: mutum nawa ke kan magani, nawa suka daina zuwa, me ya hana su. Lamba za a turo mana, ban da suna, ban da fuska.

Shugaba, ina roƙon a sa wannan a cikin abin da za a kaɗa wa ƙuri'a bayan sallar La'asar. Ina kuma buƙatar mutum biyar a kwamiti, aƙalla uku mata, kuma a samu wanda ya taɓa yin doguwar jinya da hannunsa. Takarda tana wurin sakatare.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.