Makomar Makaɗan Sinima Bayan Fim Ya Fara Magana

Hadiza: Masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau muna tare da Malam Bashir, kuma zancenmu ya shafi makaɗan da suke zaune a gaban majigi a zamanin da fim ba ya magana. Malam, me ya same su bayan 1927, shekarar da kamfanin Warner Bros. ya fitar da The Jazz Singer?

Malam Bashir: Hajiya Hadiza, abin da ya same su babba ne, domin kafin wannan lokaci da wuya a sami gidan sinima da zai haska fim ba tare da kiɗa ba. Ƙananan gidaje suna ɗaukar mai piyano ɗaya, manyan kuwa suna da cikakkiyar tawagar makaɗa. Da sauti ya shigo cikin fim ɗin kansa, sai masu gidajen suka ga babu dalilin biyan albashin mutane da yawa kowane dare, ga shi kuma karayar tattalin arzikin 1929 ta zo ta ƙara matsa musu. A Amurka kaɗai, kimanin makaɗa 20,000 ne suka rasa abincinsu cikin 'yan shekaru.

Hadiza: Shin sun zura ido ne kawai?

Malam Bashir: Ko kaɗan. Ƙungiyar ƙwadagon makaɗan Amurka ta kashe maƙudan kuɗi a 1930 tana buga talla a jaridu, inda aka zana mutum-mutumin ƙarfe yana korar makaɗi daga kujerarsa, tana roƙon jama'a su ƙi abin da ta kira kiɗan gwangwani, wato kiɗan da aka naɗa a na'ura. Mutane sun tausaya, amma ba su daina sayen tikiti ba.

Hadiza: To amma na karanta cewa mai kaɗa ogan, wato babban abin kiɗan nan mai madannai irin na piyano, bai tafi tare da su ba, musamman a Ingila.

Malam Bashir: Nan ne abin ya fi ba ni sha'awa. Ogan ɗin sinima, irin na Wurlitzer ko Compton, yana da bututu masu kwaikwayon sarewa, an kuma haɗa masa ganga da ƙararrawa na gaske, saboda haka mutum ɗaya yakan tsaya a madadin tawaga guda, albashinsa kuma ɗaya ne. Aikinsa sai ya sauya: ya bar bin labarin fim, ya koma nishaɗantar da jama'a a lokacin hutu. A kan rage hasken zaure, sai a ga ogan yana tasowa daga ƙarƙashin dandali da makaɗin a kansa yana kaɗawa, fitilu masu launi suna kewaye da shi, a haska baitocin waƙa a jikin majigi, dukan zauren ya ɗauka. Har a 1937, shekara goma bayan zuwan sauti, an buɗe Odeon na Leicester Square a Landan da sabon ogan na Compton.

Hadiza: Ke nan tawagar makaɗa ta ɓace gaba ɗaya?

Malam Bashir: Ta saura a wuraren da ake haɗa fim da wasan dandali. Radio City Music Hall na birnin New York, wanda aka buɗe a 1932, ya riƙe makaɗansa da ogan ɗinsa a kan wannan tsari har zuwa 1979. A ganina, abin da masu gidajen nan suka gane shi ne, na'ura ba ta iya jin zauren ya yi sanyi ta ƙara wa kiɗa zafi, makaɗi kuwa yana ji, kuma don wannan ne suka ci gaba da biyansa.