Amsoshin Tambayoyinku: Tayar da Tsohon Keke da Hannunka

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako a kan keke suka taru. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, mutane da dama sun koma kan kekunan da suka jingine a zaure.

Ta farko daga wani ɗalibi ce a Gumel. Ya ce mahaifinsa ya ba shi tsohon Raleigh da ya daɗe a ajiye, ya yi tsatsa, tayoyin sun ruɓe. Yana tambaya ko ya gyara ne, ko ya sayar wa 'yan gwangwan.

Samari, kada ka sayar. Raleigh na birnin Nottingham ne a Ingila, har masana'anta kamfanin ya yi a Kano, kuma ƙarfensa mai jure wahala ne. Abin da za ka fara dubawa shi ne gangar jikin keken. Wanke ta, ka fito da ita rana, ka bi duk mahaɗar ƙarfe da ido, musamman wuya da wurin da feda ke juyawa. In babu tsagewa, babu lanƙwasa, tsatsar kuma a sama take, to kekenka lafiya lau yake. Sauran duk abin sauyawa ne, kuma da sufana, filaya, sukudireba da kananzir kaɗan za ka iya yawancin aikin.

Ka fara da boris, don nan ne ran keke yake. Shimfiɗa farin buhu a ƙasa kafin ka kwance cibiyar taya, saboda 'ya'yan boris ɗin ƙanana ne, in ɗaya ya faɗa cikin rairayi sai dai haƙuri. Duk abin da ka cire, ka jera shi bi da bi, na dama a dama, na hagu a hagu, ka ɗauki hoto da waya. A yawancin kekuna za ka tarar da 'ya'ya 9 a kowane gefe na tayar baya, 10 ƙanana a kowane gefe na ta gaba. Wanke su da kananzir. Wanda ya yi ƙuraje ko ya dushe, sauya jerin gaba ɗaya, ba su da tsada. Cika gurbin da sabon giris, ka dasa su ɗaya bayan ɗaya, giris ɗin zai riƙe su. Wajen ɗauri ake gane mai haƙuri: in ka matse da yawa taya za ta yi gurnani, in ka sassauta za ta riƙa girgiza. Ka yi ta gwadawa har ta juya sumul ba motsin gefe. Ni dai a ganina, wanda ya iya wannan da hannunsa ya iya rabin gyaran keke.

Ta biyu daga Maraɗi. Wani bawan Allah ya ce ya kusa karya sufana a kan fedar hagu, ta ƙi kwancewa. Malam, ƙara ɗaure ta kake yi. Zaren fedar hagu a juye yake, don haka ɓangaren da ka saba ɗaure noti, nan za ka murɗa ta kwance. Sa mata mai ta kwana, ka nemi sufana lamba 15.

Sai wata baiwar Allah daga Zariya, wadda ta saya wa ɗanta keke na hannu don zuwa makaranta. Ta ce kullum yana wurin mai faci, kuma sabuwar tayar da ta saya ta ƙi hawa. Hajiya, ki duba lambar da ke gefen tsohuwar tayar. Akwai tayoyi iri biyu da ake kira 28: ta Raleigh da Phoenix mai lamba 635, da ta kekunan gudu mai 622, kuma ba sa hawa juna. Ki tafi kasuwa da tsohuwar a hannu. Batun faci kuwa, a koya wa yaron. Ya hura tib ɗin, ya nutsa shi a ruwa ya ga inda kumfa ke fita, ya kankare wurin, ya shafa sholisho, ya jira ya bushe tukuna sannan ya manna. Kafin ya mayar, ya bi cikin tayar da yatsa a hankali, don sau da yawa ƙayar tsidau na nan a maƙale. In kuma hujin ta ɓangaren ciki yake, kan wayoyin taya ne ke sukar tib ɗin, sai a sauya robar da ke rufe su.

Shi ma a ja masa kunne kan sarƙa. Kada ya bulbula mata baƙin mai, ƙurar hunturu za ta manne ta cinye haƙora. Ɗigo ɗaya a kowace gaɓa ya isa, ya goge sauran da tsumma, kuma kada mai ya taɓa inda birki ke kamawa.

Lokaci ya cimmana. Masu tambaya kan miƙe taya da ta karkace, mako mai zuwa in Allah ya kai mu da ku za mu fara. Ku huta lafiya.