Shan Mai a Motocin A-kori-kura na Shiga Daji: Me Ya Bambanta Samfurorinsu?

Masu kallo, a kasuwar Amurka kamfani yakan ƙera a-kori-kura guda ɗaya sannan ya fitar da ita a samfurori da dama, wasu domin aikin yau da kullum a kan kwalta, wasu kuma domin duwatsu da rairayi da taɓo. Yau za mu duba yawan man da mai mota yake ƙara saye idan ya zaɓi samfurin daji. Alƙaluman da za mu kawo na hukumar kare muhalli ta Amurka ne, wato EPA, wadda take auna mil nawa mota za ta yi da galan guda. Mil ɗaya ya kai kimanin kilomita 1.6, galan ɗin Amurka kuwa kimanin lita 3.8 ne.

Bari mu fara da Ford Ranger ta shekarar 2024. Samfurin da ke da inji mai lita 2.3, wanda tayoyinsa huɗu duka suke ja, yana yin mil 22 da galan idan aka haɗa tafiyar cikin gari da ta babbar hanya. Ranger Raptor kuwa, mai inji V6, wato mai silinda shida, da ƙarfin doki 405, mil 17 take yi. Bambancin mil biyar ba ya tayar da hankali a kunne, amma hukumar tana lissafi ne da tafiyar mil 15,000 a shekara, kuma a wannan nisa ta farko za ta sha kimanin galan 680, ta biyu kuma kimanin galan 880. Galan 200 ke nan a kowace shekara, ko da motar ba ta taɓa sauka daga kwalta ba.

Mutane da yawa suna ɗora laifin duka a kan inji, alhali taya da siffar mota suna da babban kaso, kuma a ganina nan ne ya fi cancanta a tsaya. Tayar daji tana da nauyi, ga zanenta mai zurfi da ke lanƙwasa a duk juyi, saboda haka wani ɓangare na ƙarfin inji yana ƙarewa ne a matsayin zafi a jikin roba. Sannan ana ɗaga motar sama, ana faɗaɗa ta, ana cire robar da ke ƙasan bamba ta gaba domin kada dutse ya fizge ta, wadda aikinta shi ne hana iska kutsawa ƙarƙashin mota. Tirjiyar iska kuwa tana ninkuwa sau huɗu idan gudu ya ninka sau biyu, shi ya sa asarar ta fi bayyana a babbar hanya. Ford F-150 Raptor ta 2021 ta nuna wannan a fili: da taya mai inci 35 tana yin mil 18 a babbar hanya, amma da aka sa mata mai inci 37 sai ya sauko zuwa 16, alhali injin bai canja ba.

A can ƙololuwa akwai Ram 1500 TRX ta 2021 zuwa 2024 mai ƙarfin doki 702 da F-150 Raptor R, dukansu masu inji V8, wato mai silinda takwas, kuma kowacce mil 12 take yi da galan a haɗe. Wannan ya kai kusan lita 20 a kowane kilomita 100.

Akwai samfurorin da suka rage wannan yawan shan mai ba tare da sun bar tayar daji ba. Chevrolet Silverado ZR2 ta 2024 tana yin mil 15 da injin fetur mai lita 6.2, amma da injin dizal na Duramax mai lita 3.0 tana kaiwa 21, domin galan ɗin dizal ya fi na fetur makamashi, kuma injinsa ya fi iya tattalinsa. Toyota Tacoma TRD Pro ta 2024, wadda ta haɗa injin fetur da na lantarki, tana yin mil 23. Sai dai batirinta ya fi taimakawa a cikin gari, inda ake yawan tsayawa da tashi.

Wajibi ne a san iyakar waɗannan alƙaluma. Ana gwajin ne a ɗakin gwaji, a kan na'urar da ke kwaikwayon hanya, ana ba tafiyar gari kashi 55 cikin ɗari, babbar hanya kuma kashi 45, babu rairayi ko hawan dutse a ciki. Direban da ya sassauta iskar taya ya shiga yashi da ƙaramar giya zai sha mai fiye da abin da takardar shan mai da ake liƙa wa sabuwar mota ta nuna nesa ba kusa ba. Manyan motoci irin su Ram Power Wagon da F-250 Tremor kuma ba su da wannan takarda kwata-kwata, saboda nauyin da aka amince su kai da kayansu ya haura fam 8,500, wato kimanin kilogiram 3,860, kuma dokar liƙa alƙaluman shan mai ba ta shafi a-kori-kura masu wannan nauyi ba. Mai son ɗaya daga cikinsu sai ya cika tanki, ya rubuta nisan da ya yi, ya sake cikawa, ya raba nisan da yawan man da ya shiga.