Amsoshin Tambayoyinku: haƙƙin mai taɓin hankali a hannun likita

Jama'a barkanmu da war haka, lokaci ya matse mu yau, bari mu shiga kai tsaye.

Wani bawan Allah yana tambaya ko maganin lithium, wanda ake ba wasu masu taɓin hankali, na taɓa ƙoda. E, yana iya taɓawa, shi ya sa ake auna jini akai-akai, in ba a taɓa ɗibar naka ba to ka tuna wa likita.

Sai mai tambaya kan jona wa majinyaci lantarki a kai a matsayin magani, malam sau huɗu fa ka turo, mun gani wallahi! Ana yi har yau, bayan allurar barci, yana taimakon masu matsananciyar damuwa amma yakan jawo mantuwa, kuma dole a gaya maka haka kafin ka sa hannu.

To ga wadda ta taɓa ni, don irinta ta fi yawa a saƙonninku. Wata baiwar Allah ta ce ƙaninta ya shekara uku ana masa allurar haloperidol ta maganin taɓin hankali, yanzu leɓensa na motsi shi kaɗai kamar mai tauna, harshe na fitowa, ko kofin ruwa ya ɗauka sai ya zube, da ta yi magana aka ce mata ai ciwon ne. Likita, me za ka ce?

"To Hajiya, kin san fannin nan ya daɗe yana kuskure. A 1949 an ba likita Egas Moniz na ƙasar Fotugal kyautar Nobel kan tiyatar yanka gaban ƙwaƙwalwa, aka yi wa dubban mutane a Amurka, har ƙanwar shugaba Kennedy a 1941, ta ƙare rayuwarta sai an kula da ita. Da maganin taɓin hankali na chlorpromazine ya fito a Faransa a 1952..."

Likita ka yi haƙuri, agogo! Ƙaninta fa?

"Af, wannan ya fi kama da illar magani, sananniya ce, wani lokaci ba ta barin mutum ko an daina. A koma a nemi a rage ko a canja."

'Yar'uwa kin ji ko? Illar magani ce sananniya, ba ƙirƙira kika yi ba. Ki ɗauki bidiyon bakin nasa a waya, ki rubuta sunan allurar da ranar da abin ya fara, ki tafi da shi ya yi bayani da kansa, in ba a saurare ku ba ku nemi wani likitan. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu buƙata ta musamman ta haɗa da irinsa, yana da haƙƙin a yi masa bayani a kuma nemi yardarsa. Ni abin da ke min ciwo, da zarar an ce mutum na da taɓin hankali shikenan duk kukan da ya kawo sai a ce ciwon ne ke magana.

Amma don Allah kar ku tsayar da maganin lokaci guda, na sake faɗa, kar ku tsayar da kanku, ciwon kan dawo da ƙarfi.

Mai tambaya kan ɗaure majinyaci da sarƙa, taka ce ta farko mako mai zuwa in Allah ya kai mu.