Malfa da Jan Rawani: Yadda Nana Asma'u Ta Kai Karatu Ƙauye

Mu fara da malfa. A Gobir ta kafin jihadi, Inna ce ke sanya ta, uwar 'yan bori, mace mai faɗa a ji a fadar Alƙalawa. Birnin ya faɗi a 1808, sarauta ta sauya hannu, amma matan karkara suna nan yadda suke. Idan ciwo ya zo ko haihuwa ta yi gardama, bori suka sani.

Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, an haife ta a 1793. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Mahaifinta ya daɗe yana faɗa da malaman da ke karantar da almajirai a zaure, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. To, amma ta yaya karatu zai isa ga matar aure da ke can ƙauye, ga goyo, ga daka, ga surfe?

A nan hikimarta ta fito. A shekarun 1830 ta riƙa zaɓen dattijai mata masu amana, ta naɗa kowaccensu jaji, wato jagorar ayari, ta ba ta malfa da jan rawani. Wato alamar girman da mata suka saba gani a kan Inna, ita ce ta koma kan malama. Jaji kan taho da ayarinta a ƙafa, yawanci 'yan mata ƙanana da tsofaffin da hidimar gida ta sake su, ɗauke da sadakar hatsi da zuma da man shanu. Asma'u ta raba wa mabukata, su kuma ta zaunar da su ta karantar. Su ne 'Yan Taru.

Littafin karatun kuwa waƙa ce, domin wadda ba ta iya baƙi ba tana iya hadda. Akwai waƙar da ta jero sunayen surorin Alƙur'ani, akwai na tsarki da salla da tarihin Annabi. Jaji ta haddace, ta koma gida, ta bi matan aure har tsakar gida tana rera musu. Wannan ne ya fi burge ni, wallahi: makaranta ba gini, ba allo, amma tana tafiya.

Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, Sakkwato. Ƙanwarta Maryam ta karɓi ragamar 'Yan Taru, ayarin jajojin ya ci gaba da zuwa.